Golf na Faifai: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Saya wa Ɗanki Faifan Jifa

Uwargida, idan kina zaune a Amurka, Kanada ko arewacin Turai, wataƙila kin taɓa ganin wani kwandon ƙarfe a kafe cikin lambun shaƙatawa, sarƙoƙi na reto a samansa. Idan kuma kina gida, mai yiwuwa kin hango shi a wayar yaranki lokacin da suke kallon YouTube. Wannan kwando shi ne ramin wasan golf na faifai. Maimakon ƙwallo da sanda, faifan roba ake jefawa daga wuri mai nisa har ya faɗa cikin kwandon, wanda ya kai da jifa mafi ƙaranci shi ya ci.

Wasan yana da daɗi ga iyali, domin yawancin filayensa kyauta ne, kuma yaro zai yi tafiyar ƙafa ta awa ɗaya ko biyu ba tare da ya ce ya gaji ba. Matsalar tana farawa ne ranar da ya zo ya ce, "Mama, ki saya min faifai." Ki buɗe shafin masu sayarwa, ki tarar da ɗaruruwan iri, kowanne da lambobi huɗu a jikinsa. Idan kika zaɓi wanda bai dace da hannunsa ba, kuɗinki sun tafi, shi kuma zai ɗauka shi ne bai iya ba, ya ajiye wasan. Ga abin da masu wasan suke dubawa idan suna kwatanta faifai da faifai.

Asalin wasan a taƙaice

Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin kayan wasa na Wham-O, shi ya kafa filin farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke jihar Kalifoniya a 1975. A 1976 ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan, kuma shi ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa. A 1983 kamfanin Innova ya fito da faifai mai siririn baki, wanda ke tsaga iska fiye da na da. Daga nan ne faya-fayan suka fara rarrabuwa, kowanne da aikinsa.

Yau wasan ya zama sana'a. A 2021 ɗan wasa Paul McBeth ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara 10 da kamfanin Discraft. Kristin Tattar ta ƙasar Estoniya, wadda ita ma uwa ce, ta ci gasar duniya ta mata a 2022 da 2023. A Finlan kuwa, wasan ya shiga jinin jama'a har yaran makaranta suna yawo da faifansu a jaka.

Iri huɗu na faifai

Na farko shi ne faifan kwando, mai kaurin baki da tafiya a hankali, wanda ake jefawa idan an matso kusa. Na biyu matsakaici ne, ya fi na farko nisa kaɗan, kuma yana bin hannu. Na uku shi ne wanda masu wasan ke kira direban fili: bakinsa ya fi siranta, yana zuwa nesa, amma ana iya sarrafa shi ya ratsa tsakanin bishiyoyi. Na huɗu direban nesa ne, mai faɗin baki sosai, wanda sai ƙaƙƙarfan hannu ke iya tashinsa yadda aka ƙera shi.

Yara kusan duka na huɗun suke so, saboda shi suke gani a hannun zakaru. Ki sani cewa faifai irin Destroyer na Innova yana buƙatar gudun hannu da yaro ɗan shekara 10 ba shi da shi. Idan ya jefa, faifan zai tashi kaɗan, ya kife hagu, ya dunguri ƙasa. Shi ya sa ƙwararru ke ba sabon shiga shawarar ya fara da na kwando da matsakaici, sannan direban fili ya zama matakinsa na gaba.

Lambobi huɗun nan

Lambar farko gudu ce, daga 1 zuwa 14 a ma'aunin Innova. Mutane da yawa suna ɗauka babbar lamba na nufin nisa mai yawa. Abin da take gaya miki shi ne irin ƙarfin jifan da faifan ke nema kafin ya yi aikinsa. Direbobin fili suna tsakanin 6 da 9.

Ta biyu shawagi ce, daga 1 zuwa 7: yadda faifan ke daɗewa a iska. Ga mai ƙaramin ƙarfi, yawan shawagi alheri ne.

Ta uku karkata ce, daga +1 zuwa -5. Ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu, wannan lamba na nuna yadda faifan ke karkata dama a farkon tafiyarsa, lokacin da yake da gudu. Gwargwadon zurfinta a ƙasa da sifili, gwargwadon karkatar.

Ta huɗu ita ce dawowar ƙarshe, daga 0 zuwa 5: yadda yake lanƙwasawa hagu idan gudunsa ya mutu. Idan yaronki bahago ne, ki juya maganar, dama ta koma hagu.

Dalilin haka kuwa, faifai yana tafiya ne yana juyawa kamar katantanwar wasan yara. Iskar da ke ɗaga shi ba ta danna wuri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan yana gudu sosai, takan sa ya kwanta gefe ɗaya, idan ya rage gudu ya kwanta ɗaya gefen.

Mai taurin kai da mai sauƙin kai

Daga lamba ta uku da ta huɗu ake gane halin faifai. Wanda ba ya karkata dama ko kaɗan, kuma yake dawowa hagu da ƙarfi, mu kira shi mai taurin kai. Wanda ke saurin karkata dama, mai sauƙin kai. Na tsakiya, tsayayye.

Ga misalai na direbobin fili da aka fi sani. Firebird na Innova lambobinsa 9, 3, 0, 4: mai taurin kai ne na gaske, ana ajiye shi don ranar iska. Teebird 7, 5, 0, 2 ne: tsayayye, ya daɗe yana jakar ƙwararru. Leopard 6, 5, -2, 1 ne: mai sauƙin kai, shi ya sa Innova ke saka shi cikin kunshin masu koyo. Kamfanin Latitude 64 na ƙasar Suwidin yana da River mai 7, 7, -1, 1, da Diamond mai 8, 6, -3, 1, wanda ake yi mara nauyi musamman don masu ƙaramin ƙarfi.

Ga sirrin da zai cece ki daga asara: a hannun da ba shi da gudu, kowane faifai yana ƙara taurin kai. Teebird da ke tafiya miƙe a hannun babban mutum zai iya kifewa hagu a hannun yaro. Leopard ko Diamond kuwa, da ke kwantawa dama a hannun ƙwararre, su ne za su miƙe sak a hannun yaronki, ya ga faifansa na shawagi, ya ji daɗi ya sake jefawa.

Iska ma tana canza lissafi. Idan tana fuskantar mai jifa, faifai yakan ƙara sauƙin kai, idan tana bayansa ya ƙara tauri. A garuruwan tudu irin Denba, inda iska ba ta da kauri, faya-fayai sun fi taurin kai.

Wani abu kuma: PDGA tana auna girma da nauyi da siffar faifai kafin ta amince da shi, amma lambobin nan huɗu kowane kamfani ne ke rubuta nasa. Saboda haka lambobin Innova da na Discraft ba lallai su yi daidai ba ko da sun zo iri ɗaya. Ki ɗauke su a matsayin manuniya kawai.

Roba ma suna ta tara

Faifai ɗaya, mai suna ɗaya da lambobi ɗaya, ana iya samunsa a roba kala-kala, kuma a nan ne farashi ke bambanta. A Innova, DX ita ce mai araha. Tana da daɗin riƙo ko da hannu ya jiƙe, amma da ta ci karo da bishiya ko dutse sai ta yi tabo. Champion tana da ƙyalli, ana hango haske ta cikinta, ta fi kowacce juriya, sai dai takan yi santsi a lokacin ruwa ko sanyi. Star tana tsakiya, ga riƙo ga ƙarko. GStar ta fi laushi, shi ya sa ake son ta a hunturu. A Discraft, Z ta yi kama da Champion, ESP kuma da Star. Mai tsadar takan kai kusan ninki biyu na mai arahar.

Me ya haɗa roba da tafiyar faifai? Duk faifan da ya sha duka, bakinsa yana ɗan lanƙwasawa, sai ya ƙara sauƙin kai. DX takan canza hali cikin 'yan watanni, Champion kuwa tana iya shekaru tana nan yadda take. Masu wasan sun kuma lura cewa sabon faifai a Champion yakan fi ɗan'uwansa na DX taurin kai, domin kowace roba da yadda take tsukewa idan ta huce bayan ƙira. Wannan ne ya sa za ki ga ƙwararre da Teebird uku a jaka: sabo, mai ɗan shekaru, da tsoho tukuf. Kowanne da hanyarsa a iska, kuma tsohon ne ba ya bayarwa aro, don da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yaro mai koyo, mai arahar ta wadatar. Laushin da za ta yi da wuri taimako ne a gare shi, kuma idan ta ɓace a ciyawa ko ta faɗa tafki, abin ba zai yi miki ciwo sosai ba. Idan ya shekara yana wasa, ya san faifan da ya dace da hannunsa, sai ki saya masa irinsa a roba mai ƙarko.

Nauyi

Ana rubuta nauyi a bayan faifai da giram. Dokar PDGA ta hana ya wuce 200, direbobin manya kuwa sukan kai kimanin 175. Ga yara, da ke kanki idan za ki gwada, ki nemi wanda ke kusa da 150. Mara nauyi ya fi sauƙin tashi, kuma ba ya wahalar da kafaɗa da gwiwar hannu. Rauninsa ɗaya, iska mai ƙarfi tana wasa da shi.

Hattara da waɗannan

Direba ba irin faifan nan ba ne mai laushi da ake caɓewa a bakin teku. Bakinsa yana da kaifi, yana iya fasa goshi. Ki hana yara jefa wa juna shi, ki koya musu kada su jefa sai sun tabbatar babu kowa a gaba, ƙananan kuma su tsaya a bayan mai jifa.

Kada a bar faifai a cikin mota a rana, zafi yana lanƙwasa roba. Ki zaɓi launi mai haske kamar ruwan lemo ko ruwan hoda, domin kore da baƙi suna ɓacewa a ciyawa. Ki rubuta suna da lambar waya a bayansa da alƙalami mara gogewa, al'adar masu wasan ce su kira mai shi idan sun tsinta. Lambarki za ki sa, kada ki sa ta yaron.

Shaguna da yawa suna da kwandon faya-fayan hannu, da waɗanda aka samu ɗan kuskure a zanensu, duk da rangwame. Ki fara duba can.

Idan yau za ki saya

Faifai uku sun isa: na kwando ɗaya irin Aviar, matsakaici ɗaya irin Buzzz na Discraft mai 5, 4, -1, 1, da direban fili mai sauƙin kai wanda gudunsa ke tsakanin 6 da 8, dukansu marasa nauyi. Direban nesa ya jira sai ranar da kika ga direban filin ya fara kwantawa dama da kansa a hannun yaron, wannan ce alamar hannunsa ya ƙara gudu.

Iyaye mata da yaranku suka riga suka fara wannan wasa, wane faifai ne ya fi karɓar hannunsu, kuma a wace roba? Ku faɗa mana a ƙasa, don wata uwar ta amfana kafin ta kashe kuɗinta.