Me Ya Sa Magani Ke Daina Aiki?

Jama'a, manya daga cikinmu sun san kulorakwin. A da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Sannu a hankali ya daina kashe cutar. A shekarar 2005 gwamnatin Nijeriya ta maye gurbinsa da wani magani. Abin da ya sami kulorakwin yana samun wasu magunguna a yau, har da kafso da allurai.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙwayoyin cuta halittu ne ƙanana da ido ba ya gani. Idan mutum ya sha magani, marasa ƙarfi su mutu, masu taurin rai su saura. Waɗannan ne ke hayayyafa su yaɗu cikin mutane. Manomi ya san haka, domin ya ga ƙwarin da suka saba da feshi. Shan magani barkatai yana ƙara saurin abin.

Wani likitan Birtaniya, Alexander Fleming, ya gano fenisilin a 1928. Tun a 1945 ya yi gargaɗi cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa cuta ta saba da shi. Maganarsa ta tabbata. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka rasu a duniya saboda cututtukan da ba su jin magani. Idan aka duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa.

To, me ya hana a yi sabon magani? Kuɗi ne. Binciken magani ɗaya yakan ci shekara 10 ko fiye. In an same shi, likitoci sukan adana shi sai ciwo ya gagara. Kamfani ba ya samun riba sosai. Shi ya sa dole gwamnatoci su sa hannu. A 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alkawarin rage wannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Kuɗin bincike ba asara ba ne. Mu tuna sanƙarau na 1996, wanda ya kashe dubban mutane a Arewa. A 2001 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70 don a samo allurar rigakafi mai araha. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sannan Nijeriya a 2011. Yanzu irin sanƙarau ɗin da aka yi allurar dominsa ya kusa ɓacewa. Yaron da bai kamu da ciwo ba, ba ya bukatar magani.

Mu ma muna da namu aikin:

1. Kada mu sayi kafso a kasuwa ko a hannun 'yan talla.
2. Mu sha magani yadda ma'aikacin asibiti ya faɗa.
3. Kada mu ba wani ragowar maganinmu.
4. Kada mu ɗura wa kaji da dabbobi maganin mutane. A nemi malamin dabbobi.
5. Mu kai yara rigakafi, mu wanke hannu da sabulu.

Idan wakilinku ya zo gari, ku tambaye shi nawa aka ware wa asibiti da binciken lafiya a kasafin kuɗi. Allah Ya ba mu lafiya.