Ƙashin Wutsiya: Ba Kowace Karkata Ce Cuta Ba

Mai Keke Napep ya wuni yana jigila tsakanin Inkil da kasuwar Wunti a Bauchi, ko tela ya raba dare a kan benci. Da ya zo kwanciya sai ya ji tsami can ƙarshen gadon baya, ya kai hannu ya lalubo wani ɗan ƙashi mai tsini. Nan take hankali ya tashi. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce gocewa ce, a nemi mai ɗori.

A kwantar da hankali, kowa yana da wannan ƙashi. Shi ne ƙashin wutsiya, wanda malamai ke kira ajbuz zanab, kamar yadda sunansa ya zo a hadisin Abu Huraira cikin Buhari da Muslim. Duk ƙanƙantarsa, a jikinsa naman da ke riƙe da dubura yake maƙale, kuma yana ɗaukar wani kaso na nauyin mutum idan ya zauna ya jingina baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yadda hanci ya bambanta, haka shi ma. Yawancin mutane gaɓoɓi 4 ne a nasu, wasu 3, wasu 5. Na wani gaɓoɓin sun haɗe sun zama ɗaya, na wani suna ɗan motsi. A 1983 wasu likitocin Italiya, Postacchini da Massobrio, sun duba hotunan ƙashin suka kasa shi gida 4 bisa lanƙwasarsa, daga mai ɗan rusunawa zuwa mai kaifin karkata, har da wanda gaɓarsa ta ɗan goce. Akwai masu irin wannan karkata da ba su taɓa jin ciwo ba. Siririn mutum kuwa ya fi jin tsininsa, don babu kitsen da zai rufe shi. Na mace yakan ja baya lokacin haihuwa don ya ba jariri hanya, shi ya sa wata mai jego ke kasa zama sosai na ɗan lokaci.

Saboda haka ciwo ake yi wa magani, ba siffa ba. Ciwon yakan biyo bayan faɗuwa da mazaunai, ko doguwar naƙuda, ko yawan zama a kan abu mai tauri, kuma mata sun fi fama da shi. Akasari yana lafawa cikin makonni ko watanni: a sa matashi mai rami ta baya, a riƙa tashi ana miƙe ƙafa, a gasa wurin da ruwan ɗumi, a guji taurin bayan gida. Kada a bari kowa ya ja ƙashin da sunan gyara, kada kuma a mayar da ƙwayar kashe ciwo abinci, don tana illa ga ciki da ƙoda.

Amma idan wurin ya kumbura ko yana fitar da mugunya, ko akwai zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sani ba, to ba zama. A je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda za a ɗauki hoto a gano ko halitta ce ko lalura.