Daga Bagudo Zuwa Porto-Novo: Tadbirin Ziyarar Farko

Duk wanda ya zauna a ƙasar Bagudo, ko da na ɗan lokaci ne, ya san cewa Jamhuriyar Benin ba baƙuwar ƙasa ba ce ga mutanen Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, domin kuwa kasuwa ta haɗa su da mutanen ƙetare, auratayya ta haɗa su, Dandanci da Fulatanci da Hausa sun haɗa su, har akan sami manomin da gidansa yake wannan gefe alhali gonarsa tana wancan. Ita kanta iyakar ba daɗaɗɗiya ba ce, don yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, ta bar Illo da Busa a hannun Ingilishi, Nikki kuwa a hannun Faransawa. Amma duk da wannan kusanci, galibin mutanenmu saninsu da Benin bai wuce Segbana da Malanbil ba, in an yi nisa a ce Kandi; abin da yake bayan nan kuwa sai labarin direbobi, da sunan Kwatano da ake ji a bakin dillalan motoci da na shinkafa. Ƙalilan ne suka taɓa ɗaura niyyar zuwa babban birnin ƙasar don gani da ido da ɗaukar ibra, ba don fatauci ba, kuma ina ganin wannan rashi ne babba ga wanda Allah Ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Abu na farko da ya kamata musafiri ya tabbatar shi ne inda ya dosa, saboda mutane da yawa suna zaton Kwatano ce hedkwatar ƙasar. Haƙiƙa a Kwatano shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu da tashar jiragen ruwa suke, amma babban birni a tsarin mulki shi ne Porto-Novo, inda majalisar dokoki take zama, kuma a zamanin Faransawa, lokacin da ake kiran ƙasar Dahomai, shi ne mazaunin gwamna. Tsakanin biranen biyu bai fi kilomita 30 da ɗoriya ba. Shawarata ga mai zuwan farko ita ce ya sauka a Porto-Novo, ya ba Kwatano yini guda kurum, domin Kwatano gari ne na gaggawa da hayaƙin babura wanda yake gajiyar da baƙo tun bai fara ganin kome ba, shi kuwa Porto-Novo tsohuwar alkarya ce mai natsuwa, wadda mutum yake iya zagaya tsakiyarta da ƙafa.

Tafiyar tana da tsawo, kada kowa ya raina ta. Wanda ya tashi daga garin Bagudo zai haye kogin Kwara ta gadar Tuga, ya bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, ya shiga Segbana. Daga nan zuwa Kandi kimanin kilomita 100 ne, daga Kandi zuwa Faraku 200 da 'yan kai, daga Faraku zuwa bakin teku kuwa fiye da 400. Wanda ya ce zai haɗiye wannan duka a yini ɗaya zai isa ne jikinsa a mace, ya ɓata ranar farko yana jinyar gajiya. Abin da ya fi maslaha shi ne ya kwana a Faraku, da asuba ya shiga ɗaya daga manyan motocin safa da suke tashi zuwa kudu, ya nemi kujerar gefen taga, don hanyar ita kanta rabin ziyarar ce: zai ga gonakin auduga na ƙasar Kandi, ya ga duwatsun Sabe da na Dasa, ya ga yadda dawa da gero suke ja da baya doya da rogo suna maye gurbinsu, har ya kai inda bishiyar kwakwar manja take rufe sararin sama. Farkon wannan hanya kuwa ba sabon sawu ba ne ga Bahaushe, domin ayarin fataken goro da suke zuwa Gwanja ta Illo da Kandi da Zugu suke bi, da jakuna da madugu, suna yin watanni a abin da mota take ci yau a yini. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an kammala kaka, saboda kudancin ƙasar damina biyu gare shi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba.

Kwana biyu na zuwa, uku na zama, biyu na komowa, mako ɗaya ke nan, kuma ya wadatar. A nan fiƙihu ma yana da abin cewa, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya nufi tafiyar da ta kai mil 48 yana yin ƙasaru, ya mayar da azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, sai fa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, sa'an nan hukuncin mazauni ya hau kansa. Ya kyautu mutum ya zauna gaban malaminsa ya bita babin sallar matafiyi kafin ya tashi, musamman mas'alar haɗa salloli biyu, tun da direban safa ba lalle ne ya tsaya a kan lokaci ba.

Sai batun takardu, wanda a kansa ne mutanen bakin iyaka suka fi sakaci, kasancewar sun saba ƙetarawa cin kasuwa da sanayya kawai. Sanayya tana ƙarewa ba da nisa ba. Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Benin ba tare da biza ba har kwana 90, amma da sharaɗin ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin cutar shawara, a kuma buga masa hatimi a ƙofa. Ita ƙofar ma takan buɗe ta rufe bisa ga hukuncin gwamnati, kamar yadda kowa ya shaida a watan Agusta na 2019 lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Saboda haka sai a tambayi jami'an shige da fice wace ƙofa ce take aiki a makon da za a tashi, kada a yarda da mai babur da zai ce ya san ɓarauniyar hanya. Wajibi ne kuma a faɗi cewa sha'anin tsaro a yankin Alibori, wanda Segbana da Kandi suke ciki, da ma wasu sassan namu gefen, ya taɓarɓare a 'yan shekarun nan. Kada a yi tafiyar dare ko kaɗan, kada a ratse daga babbar hanya, in kuwa labarin da ake ji a tasha ba mai daɗi ba ne, to, a ɗaga tafiyar. Birni ba ya gudu.

Kuɗin ƙasar sefa ne, kuma gara a canja mafi yawansa tun a iyaka wurin ɗan canjin da aka sani, a raba shi gida biyu ko uku a jiki. Hausa da Dandanci suna kai mutum har Faraku ba tare da wahala ba. Daga nan zuwa kudu sai Faransanci da Fon da Gun da Yarbanci. Wanda ya sami abokin tafiya mai jin Faransanci ya sami rabin guzurinsa, wanda bai samu ba kuwa ya nemi Zango da zarar ya sauka, don a can zai tarar da 'yan'uwa, da limami, da naman da ya tabbata yankan Musulmi ne.

To, in an isa, da me za a fara? Ni dai ba ni da shakka: da tsohon Babban Masallaci, wanda yake tsakiyar gari kusa da kasuwa. Wanda ya saba da masallatan Sakkwato da Gwandu, in ya tsaya gabansa, zai yi jim kafin ya yarda masallaci ne, saboda fuskarsa fenti ne kala-kala, rawaya da kore da shuɗi da ja, da zanen furanni da aka fitar da siminti a kewayen tagogi, ga hasumiya biyu dama da hagu bisa fasalin majami'un birnin Salbado na ƙasar Barazil. Dalilin wannan siffa shi ne abin da ya fi cancantar a yi doguwar tafiya dominsa. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an kama dubban Musulmi, Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarbawa, aka gangara da su bakin teku, aka sayar a Wida da Porto-Novo da Ikko, aka haye da su zuwa lardin Bahiya na Barazil don aikin rake. Ba su bar addininsu ba, ba su bar karatu ba. Hausawan cikinsu sun shirya bore a 1807, sun kuma tayar a 1809 da 1814. Sa'an nan a watan Janairu na 1835, cikin watan azumi, Musulmin Salbado suka fito da fararen riguna suka yi tawayen da ya girgiza ƙasar, kuma da aka murƙushe su sai aka riƙa samun layu da takardun ayoyi da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Bayan wannan hukuma ta kori wasu 'yantattu, wasu suka tafi don kansu, suka komo wannan gaɓa da sana'ar gini da sassaƙa da suka koya a can. Zuriyarsu, waɗanda ake kira Aguda, su ne suka tsaya a kan ginin masallacin nan a farkon ƙarni na 20, da irin fasalin da hannunsu ya saba. Ɗan Kabi da ya tsaya a wannan farfajiya ya sani cewa mai yiwuwa ne cikin waɗanda aka bi da su ta nan akwai wanda aka kamo daga bakin Kwara, kuma ya dace ya yi musu addu'a kafin ya ɗaga wayarsa ɗaukar hoto.

Daga nan ana iya takawa zuwa Honme, fadar Sarki Tofa, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1908, ya kuma shiga ƙarƙashin kariyar Faransawa don tsoron sarakunan Abome; yanzu gidan tarihi ce, da tsakar gida cikin tsakar gida, ginin jar ƙasa. Akwai kuma gidan tarihin Da Silva, mai nuna rayuwar Aguda. A titi kuwa baƙo zai iya cin karo da dodannin Zangbeto, masu rufin ciyawa tun daga sama har ƙasa, ko ya ga wuraren tsafi a bakin hanya. Ladabin baƙunci shi ne ya kauce ya wuce, ba izgili, ba nuni da yatsa, ba hoto sai da izini. Riƙon aƙida bai hana kyautata mu'amala da masu gari ba.

Yini na biyu na fi son a ba Cibiyar Songhai da ke unguwar Wando, wadda wani limamin Kirista ɗan asalin Nijeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985. Gona ce da makaranta a haɗe, inda ba a zubar da kome: kashin kaji da na dabbobi ya zama taki da iskar girki, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu, ragowar lambu ta koma abincin dabbobi. Manomin shinkafa da albasa na fadamar Bagudo, ko masuncin da ya ga kifin Kwara yana raguwa shekara bayan shekara, zai fita daga wurin da abin da zai gwada a gida, kuma fa'idar wannan yini kaɗai tana iya biyan kuɗin motar.

Kwatano kuwa a tafi da sassafe. A ga masallacin Zango, a ga mutum-mutumin jarumar Dahomai mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022, a leƙa kasuwa gwargwadon ƙarfin aljihu. 'Yan kabu-kabun garin, masu rawayar riga da lamba a baya, su ne abin hawa. A yi ciniki kafin a hau, a kuma sa hular kwano, don doka tana kama fasinja kamar yadda take kama direba. Da la'asar sai bakin teku. A nan ina gargaɗi da babbar murya ga 'yan bakin kogi, waɗanda suka tashi suna iyo tun suna yara: teku ba Kwara ba ce, igiyar wannan gaɓa tana ja ta ƙasa, ta sha cinye gwanaye. A tsaya a kan rairayi a yi kallo.

Wajen komowa a taƙaita tsaraba ga abin da ba zai jawo magana da jami'an kwastan ba, irin su atamfa turmi ɗaya ko biyu, da abarbar Alada, da garin rogo, da cukun Fulani da ake sayarwa a tashoshin arewa. Kada a karɓi ƙullin saƙo daga wanda ba a sani ba, kome roƙonsa, kada kuma a ɗauko shinkafa da sunan ta gida ce. A sake kwana a Faraku, a tashi bayan sallar asuba, domin a wuce Kandi da hantsi, a isa ƙofar Tsamiya a buga hatimin fita da na shiga tun jami'ai suna bakin aiki.