Gwamnan Naɗi da Gwamnan Zaɓe: Tsakanin Injamena da Kano

Ranar 17 ga Disamba, 2023, 'yan Chadi suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a kan sabon tsarin mulki. Abin da ya fi ɗumama muhawara shi ne ko ƙasar ta ci gaba da zama dunƙulalliya, ko ta koma tarayya irin ta Nijeriya. Masu son tarayya, galibinsu mutanen kudu, suna da hujja: tun 2003 ake haƙo mai a Doba da ke yankinsu, amma a Injamena ake yanke yadda za a kashe kuɗinsa. Ba a ma sa tarayya a takardar ƙuri'ar ba, daftarin ƙasa dunƙulalliya kawai aka kawo, "e" ne ko "a'a", aka kuma sanar cewa kusan kashi 86 cikin ɗari sun ce "e".

Chadi tana da larduna 23, kuma shugaban ƙasa ke naɗa gwamnonin da ke riƙe da su. Wanda ya naɗa ka, shi kake tsoro. Ita kuwa Injamena an kasa ta gundumomi 10, kowace da magajin garinta, ga babban magajin gari na birnin, ga kuma wakilin gwamnati a samansu. Kansiloli zaɓarsu ake yi, amma bayan zaɓen farko na Janairun 2012 ba a sake yin wani ba sai 29 ga Disamba, 2024.

A Oktoban 2022, da kogin Shari da na Logon suka cika suka batse, ruwa ya ci unguwar Waliya a gunduma ta 9. Samari suka kwana ɗura ƙasa a buhuna suna jerawa, mata na loda tabarmi da tukwane a kwalekwale. Magidanci ya san mai unguwarsa, ya san ofishin magajin gari, ƙafa ma za ta kai shi. Sai dai kuɗin gina shingen da zai tare kogi ya fi ƙarfin aljihun gunduma, dole a jira gwamnatin tsakiya.

A Kano gwamna na talakawa ne, aƙalla ranar zaɓe. A 2003 Kanawa suka kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, suka ɗora Malam Ibrahim Shekarau, sannan a 2011 suka dawo da Kwankwason. Jiha tana da majalisar dokokinta da kasafinta. Mutumin Mundu ko Abeshe a Chadi ba shi da wannan bulalar a hannu, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa tarayya ta yi rinjaye.

Amma a sauko ƙasa a ga yadda ake kashin dankali. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai 44, kuma tun gyaran 1976 ake cewa su ne gwamnatin da ta fi kusa da jama'a. Kasonsu kuwa shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa yake bi, gwamna na riƙe da makulli. In ya ga dama ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Duk da haka, a zaɓen Oktoban shekarar jam'iyyar gwamnan Kano ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya, kuma haka ake yi a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ke mulki, domin hukumar zaɓen ta jiha ce. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don asibitin shan-magani da makarantar firamare da magudanar ruwa duk a wannan matakin suke.

Masu neman tarayya a Chadi suna da gaskiya, amma ya kamata su rubuta tun farko cewa kason gunduma ba zai biya ta hannun gwamna ba, kuma ba shi zai shirya zaɓen kansiloli ba.