HMS Conqueror: Harin rana ɗaya da ya mayar da jiragen Ajantina gida

Cikin jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku da makamashin nukiliya, babu wanda tarihinsa ya tsaya mini a rai kamar HMS Conqueror na Birtaniya. Ya fara aiki a 1971, aka ajiye shi a 1990, amma rana ɗaya tak ce ta sa ake tuna shi.

Ranar 2 ga Mayu 1982, ana tsaka da yaƙin tsibiran Fokland, ya harba wa jirgin Ajantina mai suna General Belgrano makaman tofido guda uku. Biyu suka same shi, mutum 323 suka mutu. Ba a taɓa samun jirgin nukiliya da ya nutsar da jirgin abokan gaba a fagen yaƙi ba sai ranar. Abin mamaki, kwamandansa Chris Wreford-Brown ya bar sabbin makamai, ya zaɓi tsofaffi irin na Yaƙin Duniya na Biyu. Shi kansa Belgrano ɗin tsohon jirgin Amurka ne da ya tsira daga harin Pearl Harbor.

To, ga inda gizo ke saƙar: Belgrano yana wajen iyakar mil 200 da Birtaniya ta shata, amma gwamnatin Thatcher ta ce a harba. Ta fuskar yaƙi dabarar ta ci, don manyan jiragen Ajantina sun koma bakin gaɓa, ba su sake fitowa ba. Abin da ni dai ban iya haɗiyewa ba shi ne tutar ƙoƙon kan mutum da Conqueror ya ɗaga da ya dawo Faslane. Wai al'adarsu ce. Da yawa cikin waɗanda suka nutse samari ne da aka ɗauka aikin soja na dole.