Bindigar Kaka: Yadda Ake Gane Darajarta, da Yadda Magada Ke Lalata Ta

A gidajen maharba da yawa, daga ƙasar Zazzau zuwa Damagaram, akwai tsohuwar bindiga rataye a bango ko jingine a bayan ƙofa, mai ita ya daɗe da rasuwa. Wata adaka ce mai ƙanƙara, wata bindigar toka ce ƙirar maƙeran gida, wata kuma ta Bature ce mai baki biyu da aka bai wa kaka kyauta. Idan aka zo rabon gado, tambayar farko ita ce nawa za ta yi. Tambayar da ta kamata a fara da ita kuwa ita ce: akwai ɗuri a cikinta?

Maharban da sukan ajiye bindiga a ɗure, domin kura ko ɓarawo ba sa jira a auna albarushi. Shi kuwa baƙin albarushi, wanda ake haɗawa da gishirin albarushi da gawayi da farar wuta, ba ya mutuwa don tsufa. Muddin bai jiƙe ba, ɗurin da aka yi shekara hamsin da suka wuce zai iya tashi yau. Hanyar dubawa mai sauƙi ce. A juyar da bakin bindigar inda babu kowa, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama, sannan a fito da ita a gwada tsawonta a jikin bututun daga waje. Idan ba ta kai ƙarshen bututun ba, to akwai abu a ciki. Daga nan aikin na maƙerin bindiga ne, kuma kada wanda ya ce bari ya ɗana kunama ya gani.

Sai maganar asali, kuma a nan ne daɗin binciken yake. Tun ƙarni na 17 'yan kasuwar Turai ke shigo da bindigogi ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma, 'yan Denmak daga gidansu na Christiansborg da ke Accra, 'yan Ingila da Holanda daga nasu tasoshin, fatake kuma su hauro da su arewa. Biranen da suka fi ƙera irin waɗannan su ne Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam. Dukansu suna da gidan gwaji, inda ake ɗura wa bututu albarushin da ya fi ƙima a harba, idan bai fashe ba a buga masa hatimi kusa da gindi. Gidan gwajin Birmingham an kafa shi a 1813, kuma daga wannan shekara zuwa 1904 hatiminsa sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama. Na Liège kuwa haruffan ELG ne a cikin zobe mai siffar ƙwai. Idan akwai kambi a kan zoben, an gwada bututun ne daga 1893 zuwa gaba. Ɗan hatimin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yakan faɗi gari da zamani fiye da duk abin da dillali zai rantse a kai.

Sai dai a yi hattara da kalmar TOWER da ake gani kusa da kunamar wasu. Asalinta alamar bindigogin gwamnatin Ingila ce, amma masu ƙera kayan fatauci sun riƙa buga ta barkatai saboda masu saye a Afirka sun yarda da ita. Haka kuma ganin ƙanƙara ba ya nuna bindiga ta shekara ɗari biyu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a yawancin nahiyar, ta bar musu masu ƙanƙara, don haka Turawa suka ci gaba da ƙera mana adaka bayan su kansu sun daɗe da barin ta. Wannan kaɗai tarihi ne da ya isa a riƙe bindigar saboda shi.

Gaskiyar da ba ta yi wa magada daɗi ita ce, yawancin waɗannan bindigogi ba su da wani kuɗi mai yawa. An ƙera su dubbai bisa dubbai, da araha. Masu tsada a gwanjon Landan su ne na kamfanoni irin su Purdey da Holland & Holland da Rigby, waɗanda ke da littattafan da aka rubuta lambar kowace bindiga da sunan wanda ya fara sayenta. Ko a cikinsu ma, labari ne ke ɗaga farashi. A 1907 gwamnatin wani lardi a Indiya ta bai wa maharbi Jim Corbett bindigar Rigby bayan ya kashe damisar Champawat da ta addabi mutane. Irinta suna da yawa, amma ita kamfanin ya nemo ya saye a 2015, saboda an san hannun da ya riƙe ta da abin da ta yi.

Mu ma muna da wannan arziki, mu ne dai ba ma rubutawa. Bindigar da aka san ta wani Sarkin Baka ce, ko ta ɗaya daga cikin 'yan bindigar fada da ke buɗe hawan Sallah, ko wadda aka fita da ita ranar da Turawa suka ci Kano a 1903, ta wuce ƙarfe da katako. Amma idan tsohuwar da ta san labarin ta rasu ba a tambaye ta ba, shi ke nan. Ina ganin wajibi ne duk gidan da ke da irinta su zauna da dattawansu, su rubuta wanda ya mallake ta, inda ya samo ta, maƙerin da ya gyara ta, su ɗauki hoton kowane hatimi. Layun da ke ɗaure a ƙotarta da ƙusoshin tagulla da aka yi mata ado da su duk cikin shaidar ne, kada a cire.

Ɓarnar da ta fi ba ni takaici ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Saurayi ya ga bindigar kakansa ta yi baƙi, sai ya sa samfefa ya goge har ta yi ƙyalli, ya shafa wa katakon fenti. Ya kankare hatimin, ya kuma cire wannan launin ƙasa-ƙasa da ƙarfe ke yi da shekaru, wanda masana ke dubawa su gane ba a taɓa ta ba. Jar tsatsa mai gari ce ke cin ƙarfe, ita ake tausasawa da mai a share da tsumma a hankali. Man keken ɗinki ya wadatar, kaɗan, a ƙarfe kawai. Manja da man gyaɗa suna daskarewa su yi danƙo, baƙin man mota kuma yana ɗauke da dattin inji. Mai idan ya jiƙa katako yakan sa ya yi laushi ya ruɓe, shi ya sa wasu ke jingine bindiga baki ƙasa. Katakon dai kakin zuma ya ishe shi.

Yanayinmu ma ba ya raga mata. Damina tana kawo tsatsa, hunturu ya busar da ƙota har ta tsage, gara kuma tana jiran duk abin da ya taɓa bangon ƙasa. Kuben fata yana riƙe laima, don haka a ajiye shi daban. Zufar hannu tana da gishiri, a goge bayan an taɓa.

Harbawa kuwa a haƙura da ita. Tsatsa tana cin bututu daga ciki inda ido ba ya gani. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a ɗura garinsa a tsohuwar bindiga, domin ƙarfinsa ya fi abin da aka gwada bututun da shi nesa ba kusa ba, kuma a hannun mai harbin take fashewa.

Tsufa ba ya fitar da bindiga daga hannun hukuma. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar da ake ɗurawa ta baki. Lasisin mamaci ba ya zama na magaji. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 kuma ta sa makamin da aka ƙera a gida kafin 1918 cikin kayan tarihi, waɗanda ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini. Gidan da ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, musamman a wannan zamani na rashin tsaro, gara ya tuntuɓi gidan tarihi irin Gidan Makama da ke Kano, ya miƙa ta tare da takardar labarinta, da ya bari 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.