Yadda Ake Tsare Furannin Ruwa Daga Cuta Da Ƙwari

Jama'a, a wannan mako za mu duba wani irin noma wanda ba a sa ƙasa a cikinsa. A ƙasar Holan, inda furanni suke babban abin ciniki, yawancin furen tulip da ake yankewa a kai kasuwa cikin ruwa ake tsirar da shi. Akan jera albasar furen kan faranti, gindinta na taɓa ruwa, a narka taki a zuba. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, mai suna Gericke, shi ya yayata noman ruwa, ya raɗa masa suna a 1937.

To, mutum zai ce tunda babu ƙasa ai babu cuta. Ba haka ba ne. A gona cutar saiwa a hankali take yaɗuwa, daga kunya zuwa kunya. Nan kuwa ruwa ɗaya ne ke zagaya dukan shukar, in fure ɗaya ya kamu, ruwan da kansa zai kai wa sauran.

Mafi muni ita ce ruɓewar saiwa, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Pythium ke kawowa. 'Ya'yanta iyo suke yi cikin ruwa har su tarad da saiwa. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Mai ciwo takan yi ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, in ka ja ta da yatsa sai ɓawon ya saɓule ya bar zare. Ganye kuwa ya riƙa yaushi da rana, alhali gindin yana cikin ruwa tsundum. Wanda bai sani ba sai ya ƙara taki, ya ƙara wa ciwon ƙarfi.

Zafi shi ne abokin wannan cuta, gama ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, saiwa kuwa numfashi take yi. Wanda zai jarraba a ƙasarmu, lalle ya ajiye tankinsa a inuwa, ya sa injin hura iska, ya kuma rufe shi don kada haske ya tsirar da gansakuka. Inda danshi da gansakuka suke, nan wasu ƙananan ƙudaje ke ƙyanƙyashewa, tsutsarsu na cin saiwa. Manoman Holan sukan dafa ruwan da ya komo har digiri 95 na tsawon sakan 30 kafin su mayar, wasu kuma su tace shi ta cikin yashi.

Ƙwarin ganye kuwa mun san su: darɓa da farin ƙuda. Darɓa ba tsotso kaɗai take yi ba, tana ɗaukar cuta daga wannan tsiro zuwa wancan, kamar yadda danginta suka yaɗa kuturtar gyaɗa a Arewa a 1975. Akan rataya kwali mai ruwan ɗorawa wanda aka shafa wa danƙo, ƙwarin su manne, mai fure ya gane sun iso tun ba su yi yawa ba. A Ingila tun wajen 1926 aka fara sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Encarsia, wanda ke nasa ƙwai cikin 'ya'yan farin ƙuda ya kashe su.

Furen da saiwarsa ta ruɓe, kada ka yi jinyarsa, cire shi ka ƙona. Bayan kowace yanka a zubar da ruwan, a wanke faranti da bututu da ruwan bilic, a ɗauraye sosai kafin a jera sabuwar albasa.